Yadda ake bitar jarrabawar zane da ƙirar kaya tare da 'yan ajinku

Akwai darussan da mutum zai kwanta a katifa da littafi a ƙirji ya yi bitarsu, kuma ya ci. Darasin zane da ƙirar kaya ba ya cikinsu. Ko a WAEC za ka zauna wa aikin katako ko zanen fasaha, ko a NECO, ko NABTEB idan kwalejin fasaha kake, ko kuma makarantarku ta kuɗi ce mai bin manhajar Cambridge, abin da mai duba takarda yake nema kusan ɗaya ne: ka san da me ake yin abu, ka san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar wancan, kuma hannunka ya iya nuna shi a takarda yadda kafinta zai ɗauka ya yi aiki ba tare da ya kira ka ba. Wannan na ƙarshen shi ne dalilin haɗuwa da abokai. Kai kaɗai ba za ka ga kuskuren zanenka ba, domin abin da kake nufi yana cikin kanka, idonka kuma cika maka giɓin yake yi.

1. Ku tsayar da mutum huɗu, iyaka biyar

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da zarar kun kai takwas, an koma hirar ƙwallo. Kada kuma ku zaɓi juna don abota kawai. Ku nemi wanda hannunsa ya faɗa a zane, da wanda ya riƙe ƙa'idoji a ka, sai kuma, in Allah ya haɗa ku da shi, wanda ya taso a shagon kafinta ko na walda. Irin wannan yaron sau da yawa ba shi ne na ɗaya a aji ba, amma shi ne zai kalli zanen teburinku ya ce wannan ƙafar ba za ta yi wata uku ba. Ku sa rana biyu a mako, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a wurin da akwai shimfiɗaɗɗen tebur da haske. Waya ta shiga jaka.

2. Zaman farko na tonon asiri ne

Ku kawo manhajar darasin da tambayoyin shekaru biyar da suka wuce. Ku bi kanun manhajar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa alama a takardarsa: wannan na iya, wannan sama-sama, wannan ko kusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ya iya abu, a ba shi minti biyu ya yi bayani ba tare da littafi ba, nan take za a san gaskiya. Daga nan ku raba kanun, kowa ya ɗauki wanda zai koyar. Ni dai ra'ayina shi ne a ba mutum abin da ya sani sama-sama, ba wanda ya gwanance a kai ba, domin tsoron kunya a gaban abokai zai sa ya zauna ya koye shi da kyau. WAEC tana sakin rahoton manyan masu duba takardu a intanet, inda suke faɗin wuraren da ɗalibai suka fi zubar da maki. Mutum ɗaya ya sauke shi ya karanta wa sauran.

3. Ku yi bitar kayan aiki da hannu, ba da hadda ba

Nan ne ya kamata ku daɗe. Kowane zama, mutum ɗaya ya zo da wani abu daga gida: buta, jarka, kujerar roba, tsohon soket, ludayi, guntun filawud, murfin tukunya. A ajiye a tsakiya, a yi masa tambayoyi huɗu: da me aka yi shi, ta wace hanya, me ya sa ba a yi shi da wani abin ba, kuma ina zai fara lalacewa.

Ɗauki roba. Juya gindin gorar ruwa za ka ga lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku, wato irin robar da ake kira PET. Jarka yawanci lamba 2 ce, HDPE. Ledar da ake ƙulla kaya lamba 4, LDPE. Kujerar roba da bokiti galibi lamba 5, PP. Duk waɗannan idan suka ji zafi suna laushi, ana iya narka su a sake zuba su. Amma marikin tukunya baƙi mai tauri da farin soket ɗin bango wani dangin ne: da zarar sun daskare a mazubi, zafi ba ya sake narka su, sai dai su ƙone. Shi ya sa ake sa su inda wuta da lantarki suke. Idan ka taɓa riƙe mai narkewa da marar narkewa a hannu ɗaya, ba za ka sake rikita su a jarrabawa ba. Ku duba bayan kujerar ma, za ku ga ɗan tabo inda narkakkiyar roba ta shiga mazubi da ƙarfi. Jarka kuwa hura ta aka yi da iska a cikin mazubi mai ɓari biyu, ga layin haɗin nan a gefenta.

Ƙarfe ya fi sauƙin ganewa. Ku zo da maganaɗisu daga tsohuwar lasifika. Ƙusa da rodi zai kama su, kuma su ne masu tsatsa. Tukunyar alminiyam da wayar jan ƙarfe ba zai kama ba. In akwai masu zubin tukwane a garinku, ku je ku tsaya rabin awa: za ku ga yadda ake danna samfuri cikin yashi mai danshi, a cire shi, a zuba narkakken alminiyam a gurbin. Babin da ke cin shafi uku a littafi ke nan a gaban idonku.

A katako akwai tarkon da ke kama ɗalibai duk shekara. Rabe-raben da Turawa suka yi na katako "mai tauri" da "mai laushi" ba ya nufin taurin da farce zai ji. Asalin bishiyar ake dubawa: mai faffaɗan ganye tana rukunin farko, mai ganye kamar allura irin ta ƙasashen sanyi tana na biyu. Don haka obeche, duk da rashin nauyinsa, rukuninsu ɗaya da maɗaci da iroko. Sannan ku ƙirga falle-fallen gefen filawud: uku, biyar, bakwai, galibi mara ne, kuma zaren kowane falle ya gitta na kusa da shi, abin da ke hana shi lanƙwashewa. Tambayar busar da katako kuwa duk wanda ya taɓa ganin ƙofar da aka yi da ɗanyen katako da damina ta buɗe baki da hunturu ya riga ya san amsarta, kalmomin ne kawai suka rage masa.

A kan kalmomin: ku yi muhawararku da Hausa har kowa ya gane, amma kafin a tashi daga kowane batu, kowa ya rubuta amsar da Turanci cikin jimla biyu ko uku, a karanta a gyara. Da Turanci za a tambaye ku.

4. Kowane zama sai an yi zane, kuma da agogo

Minti goman farko, zanen hannu ba rula: a ɗora abu a tebur, kowa ya zana shi. Bayan haka sai a kafa takarda a allo a yi na ƙa'ida. Abubuwan da za ku riƙa kama juna a kai sanannu ne. A zanen isometirik, wato mai nuna fuska uku na abu a hoto ɗaya, layukan gefe suna tashi ne a digiri 30, kuma da'ira ba ta fitowa da'ira, sai ta koma siffar ƙwai. A zanen fuskoki daban-daban, idan tsarin kusurwa ta ɗaya aka ce, hoton sama yana zama a ƙarƙashin hoton gaba, kuma abin da ka gani daga hagu a dama kake ajiye shi. A tsarin kusurwa ta uku hoton sama yana hawa bisa na gaba. Mutum zai iya yin zane mai kyau kamar na inji ya rasa maki masu yawa don ya juya wannan kawai. Gefen da ke ɓoye ana nuna shi da gajerun tsinkakkun layuka, layin tsakiya kuma dogo da gajere bi da bi. Layin shiri a yi shi siriri da fensir mai tauri irin 2H, layin ƙarshe ya fito baƙi.

Sai sikeli. Idan faɗin kanta milimita 600 ne kuma aka ce 1:5, za ka ja layin milimita 120, amma lambar da za ka rubuta a kai 600 ce. A rukuninmu lokacin muna makaranta akwai wanda ya yi makonni yana rubuta 120, malami bai lura ba saboda yawan takardu, sai da wani a cikinmu ya tambaye shi cikin raha ko wa 'yar tsana yake ƙera kantar.

Ga gwajin da na fi so. Ka gama zanenka, ka miƙa wa na kusa da kai, ka yi shiru. Shi kuma ya fitar da jerin yankan katako daga zanen kaɗai: sunan kowane ɓangare, guda nawa, tsawo, faɗi, kauri. Duk inda ya ɗago kai zai tambaye ka, to a nan awo ya ɓace, kuma a nan mai duba takarda zai ja jan biro.

5. Ku ba juna matsala, ku bi ta daga farko zuwa ƙarshe

Tambayar ƙira ba a haddace ta. Sau ɗaya a mako wani ya kawo buƙata ta gaske: 'yar kantar littattafai ta ɗakin kwanan ɗalibai, benci na mai shayi, kujerar tsuguno da iya za ta yi tuƙin tuwo a kai, akwatin ajiye takalma a ƙofar masallaci. Kafin kowa ya taɓa fensir, ku rubuta sharuɗɗa, kuma kowane sharaɗi ya zo da lamba ko dalili. "Ta zama mai kyau da ƙarfi" ba sharaɗi ba ne. Amma idan ka ce tazarar da ke tsakanin hawa da hawa a kantar littattafai kada ta gaza milimita 320 domin takardar A4 tsayinta 297 ne kuma yatsa na buƙatar wurin shiga, ka yi magana. Ku auna junanku da tef daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, ku ga dalilin da ya sa mazaunin kujerar cin abinci yake kaiwa wajen milimita 430 zuwa 450, tebur kuma wajen 750. Ku auna mafi tsawo da mafi gajarta a cikinku, sai maganar ƙera abu don yawancin mutane ta zauna muku.

Daga nan kowa ya yi zane biyu ko uku mabambanta, ba abu ɗaya da aka canza wa ƙafa ba, ya zaɓi guda ya faɗi dalili. Sauran su tsare shi da tambaya. Wane haɗi ka sa a nan? In ka ce rami da harshe, wato motis da tenon, kaurin harshen nawa ne? Kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. In aljihun tebur ne, me ya sa haɗin wutsiyar kurciya, wato dovetail, mai haƙora masu faɗi a baki, ya fi ƙusa? Domin siffarsa ta hana shi zarewa ta inda ake ja. Me za ka shafa masa, kuma gara fa? Me ya sa ba MDF ba, wato allon da ake yi da garin katako da gam, alhali ya fi santsi? Domin bencin mai shayi kullum cikin ruwa yake, shi kuwa MDF da ya sha ruwa sai ya kumbura. A yi sukar zanen, a bar mai zanen. Wanda aka yi wa dariya sau biyu ba zai dawo ba.

Idan kun samu dama ku kai zane ɗaya wurin kafintan unguwa. Ku gaishe shi da kyau, ku ce, "Baba, don Allah duba mana wannan, zai yiwu kuwa?" Ku dai tuna shi da inci yake magana, tubaitu da tubaifo, wato inci biyu da biyu ko biyu da huɗu, ku kuma da milimita za ku amsa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, fallen filawud mai ƙafa takwas da huɗu kuma 2440 ne da 1220.

6. Ku yi wa juna maki da rowa

Saura wata ɗaya, ku fara zama cikakkiyar takarda a lokacin da aka ƙayyade mata, ba magana, ba leƙe. Ku musanya takardu. Mai dubawa ya kula da kalmar umarnin tambaya: in an ce ambata, kalma ɗaya ko biyu ta isa, in an ce bayyana, sai an ga dalili, in an ce zana ka sa suna, zane marar sunayen sassa rabin aiki ne. Abin da ba a rubuta ba, ba a ba shi maki, ko da mai takardar ya rantse abin da yake nufi ke nan. Kowa ya ajiye shafi guda a bayan littafinsa yana rubuta kurakuransa, a zama na gaba a fara da tambayarsa a kansu.

7. Makon ƙarshe

Kada a buɗe sabon babi. A bi shafin kurakurai, a yi zanen minti goma kullum don hannu ya saki, a sake bin dokokin kariya a ɗakin aiki, tunda tambayoyinsu maki ne na ɓagas. Masu jarrabawar aikin hannu su roƙi malami ya buɗe musu ɗakin aiki ko sau biyu, su yanka haɗi ɗaya da agogo, suna tunawa a saka zarto ta gefen da za a yar, ba a kan layi ba. Ana gobe jarrabawa ku haɗu na minti ashirin kawai, kowa ya zazzage jakarsa a tebur: sikwaya mai 30 da 60, mai 45, rula, kamfas da aka ɗaure nocinsa, magogi mai tsabta, tef na manne takarda, fensir 2H da HB biyu-biyu a fiƙe. Wanda nasa bai cika ba, a daren za a nema masa aro.