Kurakuran da ke cinye RAM a sabar VPS

Mai hayar VPS (ƙaramar sabar da ake haya ta intanet) mai RAM gigabait 1 ko 2 yakan jibga komai wuri ɗaya: Nginx mai karɓar baƙin shafi, manhajar shafin kanta, MySQL mai ajiye bayanai, wani lokaci har da Redis mai riƙe bayanai a cikin RAM. Da shafin ya fara ɗaukewa, sai ya ce a ƙara kuɗi a koma babba. Sau da yawa kuwa lissafi ne kawai ba a yi ba.

Wasu tun wajen karanta sakamakon `free -h`, umarnin da ke nuna yadda ake amfani da RAM, suke ɓata. Mutum ya ga layin free ya nuna megabait 80, hankalinsa ya tashi. Linux ba ta barin RAM a zaune banza. Abin da babu mai amfani da shi sai ta ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan a ciki, ta kuma sake shi nan take idan wata manhaja ta nema. Layin available shi ne abin dubawa. Masu sa cron, mai gudanar da aiki a kan jadawali, ya riƙa share wannan ajiya kowace sa'a, rage wa sabar gudu kawai suke yi.

Kuskuren da ya fi kashe shafuka shi ne yawan ma'aikata, wato kwafin manhajar da ke tashi don amsa buƙatun baƙi. A PHP-FPM, mai gudanar da shafukan PHP, `pm.max_children` ne ke faɗin ma'aikata nawa za su iya tashi a lokaci guda, kuma kowannensu da nasa rabon RAM. A ce sabarka gigabait 2 ce. Linux da Nginx sun ɗauki megabait 300, MySQL ta ɗauki 500, saura kusan 1,200. Ka auna da `ps` ko `top` ka ga kowane ma'aikaci yana cin 60. To iyakarka 20 ke nan, gara ma ka tsaya a 17 ko 18 don a samu sarari. Amma sai wani ya kwafo 50 daga intanet ya liƙa, wato megabait 3,000 a injin da bai da su. Abin haushin shi ne ba za ka ga komai ba a ranakun da babu cunkoso. Sai ranar rufe rajista ko fitar da sakamako, jama'a su yi ca a kan shafin, RAM ta ƙare, Linux ta zaɓi manhajar da ta fi cin wuri ta kashe. Galibi MySQL ce ke shan wannan hukunci, alhali ba ita ta kashe zomon ba, rataya aka ba ta. Kafin ka zarge ta, buga `dmesg -T` ko `journalctl -k` ka nemi layin "Out of memory". Masu amfani da Apache maimakon Nginx, a tsarinsa na prefork, su duba `MaxRequestWorkers`, domin a Debian da Ubuntu da 150 yake zuwa.

Ita ma MySQL ana zaluntar ta da shawarar nan ta a bai wa `innodb_buffer_pool_size`, wato RAM ɗin da take riƙe bayanai a ciki, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na RAM. Wannan na sabar da babu kowa a kanta sai MySQL ne. Da megabait 128 take zuwa, kuma ƙaramin shafi 256 ya ishe shi.

A Java kuma, `-Xmx`, wato iyakar babbar ma'ajiyarta a RAM, ba shi ne jimillar abin da manhajar za ta ci ba, akwai abubuwan da take ajiyewa a wajensa. Ka ba ta megabait 1,800 a injin gigabait 2, za ta mutu. Redis ma idan ba ka sa masa `maxmemory` ba, ba ya daina cin RAM.

Sai swap, wato wuri a faifai da Linux ke aro idan RAM ta cika. VPS da yawa ba sa zuwa da shi sam. Ka yi fayil mai gigabait 1 ko 2, ka rubuta shi a `/etc/fstab` don kada ya ɓace idan an sake kunna injin. Ka rage `vm.swappiness`, mai auna saurin komawar Linux ga swap, daga 60 zuwa kamar 10. Amma idan `vmstat 1` ya nuna `si` da `so`, wato shige da ficen bayanai a swap, suna motsi ba tsayawa, swap ba zai cece ka ba, koma ka rage ma'aikata.

Idan kuma ma'aikaci yana ta kumbura a hankali har kwanaki, akwai yoyo a cikin lambar manhajar, wato tana ɗaukar RAM ba ta saki. Sa `pm.max_requests` a 500, ko `--max-requests` a Gunicorn, a riƙa sabunta shi kafin ka gano inda yoyon yake.