Kula da Cocin Romanesk: Aikin Ƙungiyar Adana Tarihi

Gine-ginen Romanesk na Turai, daga wajen shekarar 1000 zuwa ƙarshen ƙarni na 12, ba su da wuyar ganewa: katanga mai kauri, ƙananan tagogi, da bakan gizo mai siffar rabin da'ira. Manyansu irin su cocin Durham a Ingila, da aka fara a 1093, suna da masu kula da su. Na ƙauyuka ne ke buƙatar ƙungiya.

A fara da rubuta abin da ke ƙasa kafin a taɓa komai. A ɗauki hoton kowace fuskar bango da ma'auni a gefe, kowane hoto ya hau kan na baya da kusan kashi 70 cikin 100 idan ana so a haɗa siffar ginin a kwamfuta. Alamomin da magina suka sassaƙa a duwatsu kuwa, a haska su da tocila daga gefe. Haske gaba da gaba yana ɓoye su.

Ruwa shi ne babban maƙiyi. A share indararo sau biyu a shekara, a sake dubawa lokacin da ake ruwa, don a nan ne ake ganin inda yake zubowa. Farin gishiri a jikin bango alamar danshi ce.

Rufin dutse mai baka yana tura katanga waje. In aka ga tsaga, a manna mata ma'aunin tsaga, a riƙa karantawa duk wata har shekara. Wadda ke buɗewa da rufewa da sauyin yanayi ba abin tsoro ba ce. Wadda ke ta faɗaɗa, a kira injiniya.

Kada siminti ya kusanci bangon nan. Ya fi dutsen tauri, yana kulle danshi, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Kwaɓin farar ƙasa ake so, kashi ɗaya ga yashi uku, a kankare tsohon kwaɓin zuwa zurfin ninki biyu na faɗin haɗin da ke tsakanin duwatsun, kuma ba a aiki idan zafi ya yi ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius.

A Faransa, ginin da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi ba a gyara shi sai an bi ta DRAC, wato ofishin gwamnati mai kula da al'adu a kowane yanki.