Rage ƙarar jirgin ruwa mai gudu ba tare da sayen sabuwar salansa ba

'Yan uwa na Nima da Mamobi masu kai jirgin gudu garin Ada, inda kogin Volta ke shiga teku, in salansarku mai makunni ce, ku mayar da hayaƙin ƙarƙashin ruwa tun kafin ku baro gaɓa.

Makunnin yana rufe wani bawul ne, bawul ɗin kuma yana juya hayaƙi ya bi ta tsakiyar farfela, ruwa ya shanye ƙarar. Masunta da masu masauki su huta, kai ma ka ji maganar fasinjanka.

Sai ka yi nisa ka buɗe, amma ka sassauta wuta tukuna.

Ruwan bakin teku na da gishiri. Ka wanke da ruwan famfo, ka riƙa motsa bawul ɗin, in ba haka ba zai cije.

Injin da aka ƙara wa ƙarfi sosai kuwa, hayaƙi na shaƙe shi in ka taka a rufe. Wannan sai salansa ta dindindin.