Darasi na Shida: Jan Tabo a Ganyen Mangwaro

Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, je ka duba ganyen mangwaro ko na gwaiba, musamman rassan ƙasa da rana ba ta kaiwa. Za ka iya ganin tabo zagayayye, ja-ja mai ruwan lemo, da laushi kamar karammiski. Manoma kan ce tsatsa ce. A gaskiya gansakuka ce, dangin koren nan da ke kwanciya a bakin rijiya. Masana suna kiranta Cephaleuros. Tana kama yazawa da lemo, har da ganyen shayi a Indiya. Wuri mai laima take so, shi ya sa lambun da bishiyoyi suka cunkushe ya fi fama da ita.

Yadda take hayayyafa

Gansakukar tana zaune ne a ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe saman ganye. Da rani ba ta mutuwa. Tabon yakan dushe, ya koma toka-toka mai ɗan kore, ta yi lamo a ganye da ƙananan rassa tana jiran ruwa.

Da ruwa ya zauna, sai ta fitar da 'yan gashi tsaye a kan tabon. Su ne jan da ido ke gani. A kan kowane gashi akwai 'yan jakunkuna cike da ƙwayoyin iri. Iska ko feshin ruwan sama ya tsinke jakar, ya kai ta wani ganye. Idan ganyen a jiƙe yake, jakar ta fashe, ƙwayoyin su fito. Suna da 'yar jela da suke iyo da ita a cikin ruwan da ya kwanta a ganye, har su sami wurin kafuwa. Idan ganyen ya bushe da wuri, ba su kai labari.

A lura da wannan sosai: sai da jiƙaƙƙen ganye take yaɗuwa.

Abin da za a yi

Tabo kaɗan ba ya kashe babbar bishiya, kada hankalinka ya tashi. Amma bishiyar da yunwa ko ƙishi ya raunana takan sha wuya: ganye ya zube, bawon ƙananan rassa ya tsage. A gwaiba har 'ya'yan sukan yi tabo, mai saye ya taya da arha, wahalar shekara ta tafi a banza.

Kafin ruwa ya sauka, sassabe rassan da suka cushe don iska da rana su ratsa. Kwashe ganyen da ya zube. Zuba taki, ka gyara magudanar ruwa. Idan abin ya yi yawa, akwai maganin feshi mai sinadarin tagulla, amma fara tuntuɓar malamin gona kan awo da lokacin fesawa.

Aikin gida: tsinko ganye biyu, mai tabo da marar tabo, ka kawo aji. Rubuta sunan bishiyar da watan da ka tsinko su.