Yadda za ka gane tsohon surfanin siliki na ƙasar Sin

'Yan uwa masu sayen yadi a kasuwar Garwa da Marwa, in an ce maka wannan tsohon aikin Sin ne, fara juya bayansa tukuna. Aikin hannu zarensa ba ya tafiya daidai-wa-daida kamar na inji, zaren zinari kuwa kwantar da shi ake a kan yadin a ɗaure da wani siririn zare. Sai ka duba zanen, don kowanne da ma'anarsa: jemage alamar sa'a ne, biyar ake yawan sawa, kifi wadata, dodon nan mai kama da maciji (dragon) mai farce 5 kuma na sarki ne a zamanin daular Qing, 1644 zuwa 1912. Don Allah kar ka wanke shi da omo ko ka shanya a rana, wallahi launin zai kwashe, silikin ya rube.