Kurakuran da ke zubar da amanar ƙungiyoyin agaji, da yadda ake gyara su

Wanda ya sa hannu a aljihu ya ba ƙungiyar agaji gudummawa, galibi bai taɓa ganin wanda za a taimaka wa ba. Maganar ƙungiya kawai ya riƙe. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin kurakuran da ke karya wannan yarda, mutane masu kyakkyawar niyya ne ke tafka su, suna ganin kare sunan ƙungiya suke yi.

A fara da karkatar da kuɗi. An tara su da sunan abu kaza, sai a kashe a wani abu daban, wai ai duk aikin alheri ne. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara sama da dala miliyan 500 a wani asusu na musamman, sannan aka ji tana shirin ware wani kaso don wasu buƙatu, har da tanadin jini. Jama'a suka yi mata ca. Shugabarta, Bernadine Healy, ta sanar da murabus a watan Oktoba ana tsakiyar ce-ce-ku-ce, a Nuwamba kuma ƙungiyar ta ce kuɗin duka na waɗanda harin ya shafa ne. Tanadin jini ba laifi ba ne, amma ba shi aka faɗa wa masu bayarwa ba. Gyaran mai sauƙi ne: kowane kuɗi da aka ba da da sharaɗi a buɗe masa nasa lissafin, tun a takardar neman taimako a rubuta inda rara za ta je, in kuma buƙata ta sauya a koma wa mai bayarwa a nemi izininsa a rubuce.

Wanda ya fi wannan muni shi ne rufa-rufa. A 2011 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta Birtaniya ta binciki wasu ma'aikatanta da ke aiki a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, bisa zargin biyan mata kuɗi don lalata. An kori wasu, an bar wasu suka yi murabus salin-alin, har da shugaban ofishinta na ƙasar, wanda daga baya ya sami aiki a wata ƙungiyar agaji. Sanarwar da aka fitar ba ta fayyace irin laifin ba. Shekara bakwai bayan haka, a Fabrairun 2018, jaridar The Times ta fasa ƙwai. Cikin 'yan kwanaki kusan mutum 7,000 suka soke gudummawar da suke bayarwa a kai a kai, a 2019 kuma hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta yi mata gargaɗi a hukumance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma a cikin shekarun shirun nan, su wa aka bari cikin haɗari? Matan da aka zo taimaka wa. Saboda haka dole a sami hanyar kai ƙorafi wadda ba ta bi ta teburin shugaba ba, a kare mai fallasa daga ramuwar gayya, a kai babban laifi gaban hukuma tun da zafinsa. Idan wata ƙungiya ta nemi shaida kan wanda aka sallama, a faɗa mata gaskiya.

Sai kwamitin amintattu, masu sa ido kan shugabannin ƙungiya, da ya koma 'yan amshin shata. William Aramony ya yi shekara 22 yana jagorantar ƙungiyar agaji ta United Way ta Amurka kafin ya sauka a 1992, a 1995 kuma aka ɗaure shi saboda wawure kuɗin ƙungiyar. Daɗewa a kujera kan sa a ji nauyin tambayar mutum rasit. A ƙayyade wa'adi, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kwamiti ne kuma zai zaɓi mai binciken kuɗi na waje. Duk wanda ɗan'uwansa ke neman kwangila ya faɗa, ya tashi ya bar zauren kafin a yanke shawara.

Akwai kuma alfahari da cewa ko sisi ba ya tafiya ga harkar ofis. Akanta albashi yake ci, bincike ma kuɗi ne. Ƙungiyar Kids Company ta Landan, mai tallafa wa yara, ta durƙushe a Agustan 2015, jim kaɗan bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3, ba ta da wani ajiyayyen kuɗi na kirki da za ta jingina da shi. A faɗi ainihin abin da gudanarwa ke ci, a kuma yi tanadin kuɗin 'yan watanni.

Hoton mabuƙata ma amana ne. Kafin a ɗauki yaro ko majinyaci, a nemi yardarsa ko ta waliyyinsa cikin harshen da yake ji, a gaya masa inda hoton zai fito, a kuma tabbatar masa cewa ko ya ƙi, taimakonsa na nan ba zai ragu ba.