Rufe 3G da sauya waya: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Kamfanonin layi a ƙasashe da dama suna kashe 3G don su mayar da zangonsa, wato mitar iskar da sabis ke bi, ga 4G da 5G. A Amurka, AT&T ya rufe nasa a Fabrairun 2022, Verizon kuma a ƙarshen Disamban shekarar. A Ingila, Vodafone da EE sun gama a farkon 2024, kuma an yi yarjejeniya da gwamnati cewa 2G ma ba zai wuce 2033 ba. Telstra da Optus na Ostareliya sun fara kashe nasu ranar 28 ga Oktoban 2024. Duk inda aka yi, kusan kurakurai iri ɗaya mutane ke tafkawa.

Babban cikinsu shi ne mutum ya ga 4G a saman wayarsa ya ce ai shi ya tsira. Wayoyi da yawa data kawai suke ja ta 4G. Da zarar kira ya shigo sai su sauka 3G ko 2G su ɗauka, in an gama su koma. Ranar da aka kashe 3G, WhatsApp zai ci gaba da aiki, amma kiran layi ba zai shiga ba in babu 2G a wurin. Abin da ake buƙata shi ne VoLTE, wato kiran murya ta cikin 4G. iPhone 5, 5c da 5s duk suna da 4G amma ba su da shi, daga iPhone 6 ya fara. Gwajin bai da wuya: kashe Wi-Fi, kira wani, ka dubi alamar sabis yayin da kuke magana. In ta tsaya a 4G ko LTE, lafiya lau. In ta koma 3G, H ko E, to da sauran aiki.

Sai dai kada ka garzaya kasuwa tukuna, domin sau da yawa wayar tana da VoLTE, a kashe kawai yake. A Samsung ana samunsa cikin saiti, ƙarƙashin Connections, sannan Mobile networks. A iPhone yana wajen Voice & Data. Ka duba can ma ko wani ya taɓa kulle wayar a kan 3G kaɗai don tattalin batir, ka mayar da ita zaɓin da ke sauyawa da kansa. Daga nan ka sabunta manhajar wayar, domin saitin VoLTE na kowane kamfani ta nan yake zuwa.

Layin kansa ma yana iya zama matsalar. Tsohon sim da aka yanka tun kafin zuwan 4G ba lallai ya hau ba, ko da wayar sabuwa ce fil. Ana sauya shi a ofishin kamfani da katin shaida, lambar ba ta canzawa. Masu waya mai layi biyu su gwada kowane rami daban, saboda a tsofaffin wayoyi rami ɗaya ne ke ɗaukar 4G, ɗayan 2G ko 3G ne iyakarsa.

Wayar da aka saya a wata ƙasa ita ce ta fi ba da wahala, kuma nan abin ya shafi mai tafiya karatu ko aiki da wayar da ya saya a gida, da mai sayen tokumbo. Kowace ƙasa da zangon da take amfani da shi. A Ingila Band 20 na 800MHz ne ke kai sabis ƙauyuka da cikin gine-gine, Telstra kuwa ya dogara da Band 28 na 700MHz. Samfurin da aka ƙera don Amurka yana iya rasa waɗannan, sai ka ga sabis a titi, ka shiga ɗaki ya ɗauke. Ko zangon ya dace, kamfani na iya ƙin buɗe VoLTE ga samfurin da bai gwada ba. A Ostareliya an samu wayoyin da ke kiran kowa ta 4G amma lambar gaggawa ta 000 sai ta 3G, har hukuma ta sa aka toshe su gaba ɗaya. Saboda haka sunan waya bai isa ba. Danna *#06# ka fito da IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka nemi cikakkiyar lambar samfurin a saiti, ka duba su a shafin kamfanin da za ka yi amfani da layinsa. A shago kuma, sa layinka ka yi gwajin kiran nan kafin ka miƙa kuɗi, don jabun waya tana iya nuna 4G alhali ba ta da shi.

Wasu kan ce 2G zai rufa asiri. Zai ɗan yi, a inda yake. Kamfanin Three na Ingila bai taɓa yin 2G ba, mai layinsa ba shi da inda zai sauka. Sayen ƙaramar waya mai madannai ta 2G don tsoho ko tsohuwa jinkirta matsalar ne kawai, gara a nemi mai madannai da ke da 4G da VoLTE, akwai su.

Ana yawan mantawa da abubuwan da ba waya ba ne amma sim ke cikinsu: na'urar POS, ta bin sawun mota, tsohon modem, ƙararrawar gida, da abin wuyan da tsofaffi ke dannawa in sun faɗi. Waɗannan ba sa nuna alamar sun daina aiki sai ranar buƙata. A tambayi wanda ya sayar ko ya girka su wane sabis suke hawa.

Wajen ƙaura zuwa sabuwar waya, kada a goge tsohuwar sai an tabbatar komai ya iso. Ajiye hirar WhatsApp a Google Drive ko iCloud, ka tuna cewa ajiyar Android ba ta buɗewa kai tsaye a iPhone, sai ta manhajar Move to iOS lokacin saita wayar. Kwashe lambobin da ke kan sim zuwa asusun Google. Manhajar banki da mai ba da lambar tabbatarwa a kunna su a sabuwar tun tsohuwar na hannu. Sannan a cire asusun Google ko a kashe Find My (saitin neman waya na iPhone) kafin gogewa, in ba haka ba wanda ya karɓi wayar zai tarar da ita a kulle.

'Yan damfara ma suna cin kasuwarsu a irin wannan lokaci. Duk wanda ya kira ya ce zai mayar maka da layi 4G in ka karanto masa lambar da aka turo maka, layin yake son sacewa, daga nan ya shiga asusun banki. Katse kiran, ka je ofishin kamfanin da ƙafarka.